Wace na'urar karanta ELISA ta dace da ƙaramin ɗakin gwaji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin ɗakin gwaji a Kumo, da tsinken gwaji muke duba ciwon hanta. Ina son in fara ELISA, wato gwajin jini da ake yi a faranti mai ramuka, amma kuɗin na'urar karanta sakamako ya fi ƙarfina. Akwai mai araha da za a dogara da ita, ko ido ma ya wadatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar ido a ajiye ta gefe. A gwajin HBsAg, mai gano ciwon hanta nau'in B, ruwan da ke ramukan farantin yakan yi shuɗi in akwai cutar, idan ka zuba ruwan tsayar da gwajin ya koma rawaya. Rawaya mai kauri kowa zai gane ta. Rigimar tana wurin wadda ta yi fari-fari, kusa da iyakar da ke raba mai cuta da marar ita. Nan ido ke yaudarar mutum, kuma lafiyar bawan Allah ce a hannunka.

Aikin na'urar ba wani sihiri ba ne: haske take ratsa ramin da shi, ta auna nawa ruwan ya shanye, yawanci da haske mai tsawon zango na nanomita 450, ta kwatanta da na 630. Saboda haka ba sai ka sayi babbar da ke karanta ramuka 96 lokaci guda ba. Ƙaramar da ke ɗaukar layin ramuka 8 ko 12 ta ishe ka, in dai tana da matatun hasken nan biyu, na 450 da na 630, kuma tana karɓar kayan gwajin kowane kamfani. Wannan sharaɗin na ƙarshe ka riƙe shi da kyau. Akwai na'urorin da ake sayarwa da rahusa, amma sai katirijin kamfaninsu kaɗai suke ci. Nan ne araha ba ta ado.

Ni abin da na fi gani yana ɓata sakamako shi ne wankin faranti na ganin dama, da firjin da ya kwana ba wuta. Kayan gwajin suna son sanyin digiri 2 zuwa 8, ga zafin Gombe a watan Afrilu ka san shi. Ka ware kuɗin sola ko batir tun kafin na'urar ta iso, ka haɗa mata sitabilaiza, ka riƙa rufe ta saboda ƙurar hunturu.

Kafin ka biya, ka sa dillalin ya karanta samfurin da ka riga ka san sakamakonsa a gabanka, sau uku. In lambobin suka yi hannun riga da juna, mayar masa da kayarsa.