Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan darbejiyar gidansu

Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ne sak. Kin ce rassan darbejiya sun kwanta kan kwanonku, ɗaya ya kusa taɓa wayar wuta, kuma wasu samari sun ce za su rage miki kyauta in dai za a bar musu itacen. Don girman Allah kada ki ba su. Wanda ladansa itace ne, ba inuwarki ce a gabansa ba, lodin mota yake lissafi.

Ni nawa mangwaro ne, a gidanmu na Unguwar Dosa a Kaduna, marigayi Baba ya dasa shi da hannunsa tun kafin a haife ni. Iskar farkon damina ta taso, reshe ɗaya tak yake gogar kwanon kicin yana hana Inna barci. Irin waɗannan samarin su uku suka zo da gatari da injin yanka, babbansu sai "ranka ya daɗe" yake zuba mini. Na nuna masa reshen da yatsa, ya ce an gama. Na tafi masallacin Juma'a.

Da na dawo ban gane gidanmu ba. Tsakar gida fayau, rana har cikin ɗaki. Sun yi wa bishiyar aski kwal, kututture kawai a tsaye, ɗanyun mangwaro a warwatse ana tattakawa. Babban reshen ba su ɗaure shi da igiya ba, suka sake shi haka nan, ya ɓare ɓawon har ƙasa, ya karya kwanon kicin, ya rushe katangar da ke tsakaninmu da maƙwabci. Inna na zaune a bakin ƙofa da carbi a hannu, ba ta ce mini komai ba, hawaye kawai. Ta hana su, suka ce mai gida ne ya sa su. Wannan ƙaryar ce har yau take ci mini rai. Sun loda akori-kura sun tafi, lambar da ya ba ni a kashe. Na yi kwana uku ina zagaya wuraren masu faskare ina nemansa. Ni na biya bulo da birkila, kuma sai da mai unguwa ya shiga tsakani kafin maƙwabcina ya sake amsa gaisuwata.

Bishiyar ta yi toho, na yi murna, ashe na banza ne. Tohon da ke fitowa bayan irin wannan sara ba shi da ƙwari, iska kaɗan ya ɓalle. Ruwa ya dinga zama a bakin saran, ciki ya ruɓe, gara ta shiga. Damina biyu ta bushe. Ki tambayi 'ya'yana yadda muke kwana a zafin Maris da Afrilu yanzu.

Saboda haka ki biya kuɗi, a yi ciniki kan aikin kawai, itacen kuma naki ne, in kin ga dama ki sayar daga baya. Ki sa a shafa fenti a kan duk reshen da za a cire, kuma a samu namiji babba a gidan ya tsaya daga farko har ƙarshe. Kada a ba da kuɗi duka sai an gama an share wuri. Kafin ma ya hau, ki tambaye shi yadda zai sauko da reshen. Wanda ya san aiki zai ce igiya zai ɗaura, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya fara tsaga ta ƙasa kafin ya yanka ta sama don kada ɓawo ya ɓare, sannan ya gyara saran kusa da kumburin da ke gindin reshen, nan ne yake warkewa. Kuma kada a cire fiye da kashi 1 cikin 4 na ganyen a lokaci ɗaya.

Maganar waya kuwa, Hajiya, ba ta ɗan unguwa ba ce. Wutar lantarki tana bin ɗanyen itace. A je ofishin Kaduna Electric na yankinku a nemi su kashe layin tukuna. In kuma bishiyar a wajen katanga take, bakin titi, a fara tuntuɓar sashen gandun daji na Ma'aikatar Muhalli kada a jawo wa kai magana. Ni da na sani, da Afaka na nufa ta hanyar Mando, inda kwalejin tarayya ta aikin gandun daji take, na nemi wanda ya karanci abin ya zo ya duba mini.

Ki leƙa gindinta ma. In akwai kogo, ko hanyar gara, ko ƙasa ta ɗago ta gefe ɗaya bishiyar ta karkata, to wannan ta zama haɗari. In kauci ne ya hau, reshen da ya kama kawai ake cirewa. Kuma a hana yara ƙona bola a gindinta, a daina malale ta da siminti har wuya, mu ne muke kashe su da hannunmu sannan mu ce sun tsufa. Raina yana ɓaci in na bi ta Unguwar Rimi na ga an tuge tsofaffin bishiyoyi an jera shaguna.

Da rani ya fi dacewa a yi aikin, kafin iskar Afrilu da Mayu, amma tunda naki ya kai waya kada ki jira. Ki turo hoton bishiyar nan cikin zaure, na gindin da na wajen wayar, mu gani. Allah ya tsare ku da yaran.