Tambaya da Amsa: Sayen Cakulan da Sanin Ɗanɗanonsa

Tambaya: Assalamu alaikum. An ce mini cakulan da aka rubuta babbar lamba a jikinsa shi ne mafi inganci, don haka na sayi wanda aka rubuta kashi 85 cikin 100, amma da na sa a baki sai ɗaci da bauri suka hana ni cinyewa. Shin an cuce ni ne, ko kuwa bakina ne bai san abu mai kyau ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba a cuce ki ba, kuma bakinki lafiyarsa lau; wanda ya ba ki shawarar ne ya ɗora wa lambar nauyin da ba nata ba. Lambar tana nuna yawan abin da aka samo daga ƙwayar koko, wato niƙaƙƙiyar ƙwayar da man da ke cikinta idan an haɗa su, ragowar kuwa galibi sukari ne. Ke nan a cikin giram 100 na abin da kika saya, sukarin bai wuce giram 15 ba, alhali cakulan mai madara da yawancin mutane suka saba da shi kusan rabinsa sukari ne. Harshen da ya saba da wancan dole ya ji wannan da ɗaci.

Abin da lambar ba ta faɗa ba shi ne yadda aka sarrafa ƙwayar, kuma a nan ne daɗi yake samuwa ko ya ɓace. Idan aka fasa kwanson koko, ana tara ƙwayoyin tare da farar tsokar da ke lulluɓe da su, a rufe su da ganyen ayaba ko a zuba su cikin akwatin katako su yi kamar kwana biyar zuwa bakwai suna tsima, sannan a shanya su, a gasa, a niƙa. Ƙwayar da ba ta tsimu sosai ba takan ba da bauri mai kama baki, wadda aka gasa fiye da kima kuma takan ba da ɗacin ƙuna, kuma babu lambar da za ta gyara ɗaya daga cikin biyun. Bayan niƙa akwai doguwar murza da Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1879, wadda ke ɗaukar awoyi da yawa tana korar tsami tana lausasa cakulan. Shi ya sa za ki ɗauki guda biyu masu lamba 70, ɗaya ya narke lumui da ƙamshi, ɗayan ya zama kamar ana tauna gari.

Ƙasar da aka noma ƙwayar ma tana da nata tasiri. Kwaddibuwa da Gana su ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, kuma ɗanɗanon ƙwayarsu shi ne wanda mutane suka fi sani da sunan cakulan; ta Madagaska an san ta da ɗan tsami irin na 'ya'yan itace, ta Ekwado kuma da ƙamshi mai kama da na fure. Shawarata ita ce ki sauko zuwa mai lamba 55 ko 60, ki sayi ƙanana guda biyu daga kamfanoni daban-daban, ki ɗanɗana su a zama ɗaya, kina farawa da mai ƙarancin ɗaci kina kurɓar ruwa a tsakani. Ki karya ɗan gutsure, ki shinshina wurin da ya karye, ki ɗora a harshe ki bar shi ya narke da kansa, domin ƙamshin yana fitowa ne a hankali yayin da man yake narkewa, kuma mai gaggawar taunawa ɗacin kaɗai yake samu. Idan bayan duk wannan kika ga mai madara ne ya kwanta miki, to ki ci abinki. Tun 1875 da Daniel Peter ya haɗa shi a Suwizalan yake da masoyansa, kuma a ganina mai madara da aka yi da kyau ya fi baƙin cakulan, irin wanda kika saya, da aka yi da ha'inci.

Tambaya: Na buɗe wani cakulan da na ajiye sai na tarar ya yi fari-fari a sama kamar ya yi furfura. Fumfuna ce? In zubar?

Amsa: Malam, kada ka zubar, matuƙar bai sauya wari ba kuma wa'adin da ke jikin takardarsa bai wuce ba. Man koko yana narkewa ne a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, wanda shi ne dalilin da cakulan ke tsayawa da ƙarfi a hannu na ɗan lokaci amma ya narke a baki. Idan ya sha zafi ya fara narkewa sannan ya sake daskarewa, man yakan taso sama ya bar wannan farin, wanda idan ka shafa da yatsa za ka ji santsi. Akwai kuma farin da laima ke jawowa: raɓa ta sauka a kansa ta narkar da sukarin da ke sama, ta bushe ta bar shi, kuma shi wannan idan ka shafa za ka ji gurzi-gurzi. Dukansu ba sa cutarwa, sai dai sun rage laushi, don haka irin wannan cakulan ya fi dacewa da narkarwa a cikin madara mai zafi.

Wurin ajiya mafi kyau shi ne busasshen wuri mai duhu da sanyinsa yake tsakanin digiri 15 zuwa 18. Inda zafi ya wuce haka babu makawa sai firji, amma a sa shi cikin mazubi mai rufuwa ruf, domin man da ke cikinsa yana jan warin duk abin da ke kusa da shi, kuma idan an fito da shi a bar shi a rufe har sanyin ya sake shi kafin a buɗe.

Tambaya: Me ya sa wani cakulan yake liƙewa a ganɗa ya bar maiƙo, kuma shin farin cakulan ma cakulan ne?

Amsa: Ki juya bayan takardar ki karanta jerin kayan haɗi, Malama, domin ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Man koko yana da tsada, saboda haka wasu kamfanoni sukan cire shi su sa wani man tsirrai a madadinsa, kamar na ƙwarar manja da aka daskarar, wanda ba ya narkewa tsaf a zafin baki. Shi ne maiƙon da kike ji. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a ƙara wasu mayuka shida kawai, ciki har da man kaɗanya, kuma kada su wuce kashi 5 cikin 100. Dokar ta kuma ce baƙin cakulan ya ƙunshi aƙalla kashi 35 na koko, mai madara kashi 25, yayin da a Amurka kashi 10 na niƙaƙƙiyar ƙwaya ya wadatar ga mai madara. Idan kika ga sukari da man tsirrai a gaba, garin koko kuma can a ƙarshe, to alewa mai ɗanɗanon cakulan kika riƙe, kuma bai kamata ki biya kuɗin cakulan a kanta ba. Wannan karatun zai kuma nuna miki waɗanda aka cusa wa giya a ciki, da waɗanda ke da gyaɗa ga mai rashin jituwa da ita.

Farin cakulan kuwa man koko ne da madara da sukari, ba tare da baƙin ɓangaren ƙwayar ba, kuma a Turai da Amurka sai man ya kai kashi 20 kafin a kira shi da wannan suna. Na gaskiyar launinsa ya karkata zuwa ruwan madara mai ɗan rawaya. Wanda ya yi fari fat abin a duba bayan takardarsa ne.

Tambaya: Yarana suna ba kyanwarmu cakulan. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, Malam, kuma a hana su tun yau. Koko yana ɗauke da wani sinadari mai suna tiyoburomin wanda jikin mutum ke sarrafawa cikin sauƙi, amma yake daɗewa a jikin kyanwa da kare har ya jawo amai, bugun zuciya da sauri, da farfaɗiya. Baƙin cakulan da garin koko sun fi yawan sinadarin, don haka idan dabbar ta ci irinsu a kai ta wurin likitan dabbobi tare da takardar abin da ta ci, domin ya ƙiyasta yawansa da nauyin jikinta.