Sufayen Buda da siyasa: abin da ya faru a Myanmar

Ɗan'uwa, ka tambaya ko addinin Buda ya yarda sufayensa, wato mabiyansa da suka bar harkar duniya suka keɓe don ibada, su shiga siyasa, ganin abin da aka yi wa Musulmin Rohingya na ƙasar Myanmar.

A tsoffin littattafansu, Buda ya hana sufaye ɓata lokaci kan hirar sarakuna da sojoji da yaƙi, kuma dokar farko ga kowane mabiyi ita ce kada ya kashe mai rai. Shi kansa ɗan sarki ne da ya bar fada.

Amma dubi Myanmar. A 2007, bayan gwamnatin soja ta ƙara kuɗin man fetur, dubban sufaye suka fito titunan Yangon, suka kife ƙwaryar bararsu, wato sun daina karɓar sadakar sojoji. A wurinsu wannan babban hukunci ne, domin ba wa sufi abinci hanyar samun lada ce. Ni wannan ban ga laifinsa ba, talaka suka tsaya wa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Sufi Wirathu da ƙungiyar 969 ta masu kishin addinin Buda suka riƙa wa'azin a ƙaurace wa shagunan Musulmi, sannan ƙungiyar Ma Ba Tha, wadda sufaye suka jagoranta, ta matsa har aka kafa dokoki huɗu a 2015, ciki har da masu takura auren 'yan Buda mata da waɗanda ba addininsu ɗaya ba da kuma sauya addini. A 2017 Rohingya sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh. Sojoji ne suka riƙe bindiga, amma wa'azin ƙiyayya ya riga ya share musu fage.