Ƙwayar gado da amosanin jini: amsar tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Malam, a rediyo na ji an ce ƙwayar halitta ce ke gina jiki, wata rana kuma aka ce ita ake gada daga iyaye. Abu ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne, ɗalibi. Masu fassarar labarai ne suka ɗora wa kalma guda kaya biyu. Ni a ganina a bar "ƙwayar halitta" ga ɗan mitsitsin abu mai rai da jiki ya ginu da shi, ɗayar kuma a ce mata "ƙwayar gado". Ta biyun tana cikin ta farkon. Guntu ce daga dogon zaren nan da ake kira DNA, wanda rubutunsa kaf haruffa huɗu ne: A, T, G da C.

Abin da ake gada umarni ne, ba nama ko jini ba. Ɗauki DNA kamar kundin malam da ba ya barin ɗaki: in ana bukatar wani shafi, sai a kwafe shi a allo a fita da shi, in an gama a wanke. Wannan kwafi shi ne RNA mai kai saƙo. Yana isa wurin ribosom, wato 'yar masana'antar haɗa furotin da ke cikin ƙwayar halitta, sai ta riƙa karanta shi harafi uku-uku. Kowane uku na kiran amino asid guda, wato tubalin gina furotin, daga cikin iri 20, ana ƙulla su bi da bi har sarƙa ta kammala ta naɗe kanta ta zama furotin. Haɗin uku-ukun nan 64 ne. AUG ke buɗe aiki (a RNA harafin U ke zama a gurbin T), guda uku kuma ba sa kiran komai, tsayawa suke nufi. Marshall Nirenberg da abokin aikinsa suka fara warware ɗaya daga ciki a Amurka a 1961.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambayi ma'anar "amosanin jini".

Amosani ciwo ne da ya zauna wa mutum, ya lafa ya tashi. Shi ya sa muke da amosanin ƙashi, har da amosanin kai mai sa garin fata a gashi. Wanda ya raɗa wa sikila wannan suna ya iya kallo, domin ciwon a ƙashi yake ci amma tushensa na jini. Himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar numfashi, yana da sarƙa mai amino asid 146. A gurbi na shida, inda ya kamata a karanta GAG, sai aka sami GTG. Harafi ɗaya tak! Amino asid mai suna balin ya maye gurbin wani mai suna gulutamik asid, furotin ya riƙa mannewa da 'yan uwansa in iska ta yi ƙaranci, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Vernon Ingram ya gano bambancin da ke cikin furotin ɗin a Kambirij ta Ingila a 1956.

Ta ƙara da cewa ta ji wata tsohuwa ta yi wa yaro mai sikila karin maganar "albasa ba ta yi halin ruwa ba", tunda iyayensa garau suke.

Hajiya, tsohuwar ta ajiye maganar ba a muhallinta ba. Ana faɗinta ne ga ɗan da ya saki tarbiyyar gidansu, hali take nufi. Yaron nan kuwa bai kauce wa kowa ba: S ɗaya, wato ƙwayar gadon sikila, ya karɓo daga uwa, ɗaya daga uba, su kuma da yake AS ne, wato S ɗaya da A mai lafiya ɗaya, ciwon bai bayyana a jikinsu ba. Kada kuma a ɗauka sai ɗa na huɗu zai faɗa wa. Kowane ciki da nasa rabon, ɗaya cikin huɗu. Dalilin ke nan da jihar Kano ta sa gwajin jini kafin aure cikin doka a 2024.