Kilomita nawa zan yi a wuni idan na kama doguwar tafiya a keke?

Tambaya: Malam, nakan taka keke kilomita 40 duk ƙarshen mako ba tare da na jigata ba. Yanzu ina shirin tafiyar sati biyu da kayana a kariyar keke. Yaya ake tsara wuni guda, kuma kilomita nawa zan sa wa raina?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye lissafin kilomita tukuna, ka ƙirga awannin da za ka yi a kan sirdi. Keken da aka lafta wa kaya kilo 15 zuwa 20 ba ya gudun da ka saba. Da wuya ka wuce kilomita 15 zuwa 18 a awa. Awa biyar kana taka feda zai ba ka 75 zuwa 90, amma da hutu da cin abinci da facin taya, wunin ya tafi. Kwana ukun farko kada ka haura 60. Ba numfashinka nake ji ba, gwiwa da mazaunai su ne ke fara kai ƙara.

Ka yi sammako. Kafin ka hau, matsa tayoyi, gwada birki, duba ko ceni na son mai. Sa giya mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa kamar sau 80 a minti. Mai danna giya mai nauyi tun da safe, gwiwarsa ce za ta biya da yamma.

Inda sababbi suka fi faɗuwa shi ne ciki. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta bai wuce na awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba idan ana aikin ƙarfi. Da ya ƙare, ƙafa sai ta zama kamar ta aro. Ni ma na taɓa ɗanɗanawa: na zauna bakin titi, ga abinci a hannuna, yatsu na rawa na kasa kwance ledar. Saboda haka kada ka jira yunwa. Duk awa ka jefa wa cikinka wani abu mai ɗauke da sitaci giram 30 zuwa 60, ka sha ruwa aƙalla rabin lita. Idan gumi ya fara barin farin tabo a rigarka, sa ɗan gishiri a gora, domin ruwa zalla ba ya mayar da abin da ya fita.

Iska kuwa ta fi tudu mugunta, tunda tudu yana da gangare. Ranar da take dukan fuskarka, rage buri kawai.

Ka sauka saura awa biyu rana ta faɗi, ko da ƙarfinka bai ƙare ba. Ci abinci, sannan ka wanke wandon da kake hawan keke da shi ka shanya. Wando mai danshi da tsohon gumi ne ke kawo maruru a mazaunai, maruru ɗaya kuwa ya isa ya zaunar da kai kwana uku.