Lada, Tukwici da Ladan Kuturu: Me Ya Hana Elisha Karɓar Kayan Na'aman?

Wata malamar makarantar Lahadi ta aiko da tambaya daga Wusasa, Zariya. Ta ce tana koya wa yara labarin Na'aman da annabi Elisha, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce shi a gidansu an koya masa cewa ba a mayar da hannun kyauta baya, to don me annabin Allah zai kunyata baƙon da ya kawo masa abin alheri? Tana so ta san ko karin maganar nan ta ci karo da labarin.

Malama, yaron nan ya yi tambaya mai kyau, kuma karin maganar tasa ba ta yi kuskure ba. Abin dubawa shi ne ko kayan da Na'aman ya sauke a ƙofar Elisha sun cancanci a kira su kyauta.

Ga labarin a taƙaice saboda waɗanda ba su san shi ba. Yana cikin Littafi Mai Tsarki, 2 Sarakuna sura 5, kuma ya faru a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu. Na'aman sarkin yaƙin Suriya ne, jarumi, amma yana da kuturta. Wata yarinya da mahara suka kamo daga Isra'ila, tana yi wa matarsa hidima, ita ta ce akwai annabi a Samariya da zai warkar da shi. Sai ya kama hanya da wasiƙar sarkinsa, da azurfa talanti 10, da zinariya shekel 6,000, da sutura 10. A ma'aunin yau azurfar ta kai wajen kilo 340, zinariyar kuma ta kusa kilo 70. Ya tsaya a ƙofar Elisha da dawakai da karusai. Elisha bai ko leƙo ba. Ya aiko ɗan saƙo ya ce ya je ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun. Na'aman ya fusata, ya ce shi ya zaci mutumin zai fito ya tsaya ya kira sunan Allahnsa, ya kaɗa hannu a kan wurin ciwon, kuma ai Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu, sun fi duk ruwan Isra'ila. Barorinsa suka lallashe shi, ya shiga ruwan, fatarsa ta koma kamar ta ƙaramin yaro. Ya dawo ya roƙi Elisha ya karɓi abin da ya kawo. Elisha ya rantse da Ubangiji cewa ba zai karɓi kome ba. Ya matsa masa, ya ƙi.

Hausa ta raba abin da ake miƙa wa mutum gida-gida, kowanne da sunansa da ladabinsa. Kyauta ita ce wadda ba a ɗaura ta da wani aiki ba. Kayan Na'aman kuwa tun a gida aka auna su, aka ɗaure, aka ɗora wa dabbobi saboda buƙata guda. Abin da aka tanada haka domin biyan aikin da ake sa rai, sunansa lada, kamar ladan ɗinki, ladan dako, ladan aski. Shi kuwa lada mai aiki ake ba. Nan ne na ga hikimar rashin fitowar Elisha: bai taɓa majinyacin ba, bai ba shi ko saiwa ɗaya ba, bai raka shi bakin kogi ba. Ya janye jikinsa daga aikin tun farko don kada a ce shi ya yi. Da ya miƙa hannu ya karɓa, da ya rushe duk wannan, ya amsa cewa shi ne mai maganin. Na'aman kuma da ya koma Dimashƙu da zuciyar wanda ya biya ya gama, ba bashin kowa a wuyansa.

Akwai wani abu a nassin Ibrananci da zai yi wa Bahaushe daɗin ji. Kalmar da Na'aman ya kira kayan da ita bayan ya warke ita ce "berakha", 'yar'uwar "baraka" ta Larabci, wadda daga gare ta muka samo albarka. Wato mutumin ya dawo yana cewa a karɓi albarka daga hannunsa, alhali shi ne aka yi wa albarkar. Elisha ya ƙi a juya al'amarin. Ki lura da yadda ya ƙare: wanda ya zo da niyyar bayarwa shi ya koma mai roƙo. Ya roƙi a ba shi ƙasa, kayan alfadari biyu, ya kai gida, domin daga ranar ba zai ƙara miƙa hadaya ga wani abin bauta ba sai Ubangiji. Ya kuma nemi gafara tun da wuri saboda aikinsa zai riƙa kai shi ɗakin gunkin Rimmon tare da sarkinsa. Elisha ya ce masa ya sauka lafiya.

Kada yara su ɗauka annabawan Isra'ila ba sa karɓar kome. A sura ta 4 Elisha ɗin nan ya karɓi ɗaki da gado da fitila daga wata mata mai hali a Shunem, ya kuma karɓi gurasar sha'ir 20 da wani ya kawo, ya ciyar da mutum 100 da ita. Waɗannan su ne kyautar da ba a mayar da hannunta baya. A 1 Sama'ila sura 9 kuma, lokacin da Saul, wanda daga baya ya zama sarkin Isra'ila, yake cigiyar jakunan ubansa, ya damu cewa ba su da abin kai wa annabi Sama'ila, sai baransa ya ce yana da rubu'in shekel na azurfa. Wannan ya yi kama ƙwarai da abin da muke kira kafin alƙalami, ɗan abin da ake ajiye wa malami kafin ya fara rubutu. Al'adar tana nan a zamaninsu, Elisha ya san ta, ya ajiye ta gefe saboda wannan baƙon. Na'aman daga ƙasar da ake bautar gumaka ya fito, ranar ce ranarsa ta farko da sanin Allahn Isra'ila, kuma abin da ya gani a ranar shi zai kai wa mutanensa.

A ganina akwai dalili na biyu, wanda Hausawa suka dunƙule da cewa idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Suriya abokiyar gāba ce. A sura ta 6 Elisha ne yake tona wa sarkin Isra'ila wuraren da Suriyawa suka yi kwanton ɓauna. Wanda ya cika rumbunsa da azurfar sarkin yaƙinsu, da wane ido zai yi wannan?

Masu karatu Musulmi sun san annabin da sunan Alyasa'u, an ambace shi a suratul An'am da suratu Sad, ko da yake labarin Na'aman ba ya cikin Alƙur'ani. Amma ƙa'idar tana nan sarai a suratus Shu'ara, inda Nuhu da Hudu da Salihu da Luɗu da Shu'aibu kowannensu ya gaya wa mutanensa cewa ba ya neman lada a wurinsu, ladansa yana wurin Ubangijin talikai. A Linjilar Matiyu sura 10 ma Yesu ya aiki almajiransa su warkar da marasa lafiya, ya ce musu kyauta suka samu, su bayar kyauta. Hausa ta haɗa ma'anonin biyu a kalma ɗaya, ladan da ake ƙirga wa mutum a tafin hannu da ladan da ake jira a wurin Allah, shi ya sa in an ce wane ya yi aiki don lada sai ka saurari sauran maganar kafin ka san yabo ne ko suka.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi, da ya ji labarin a bakin maƙwabcinsa, ya kawo hujja mai ƙarfi. Ya ce in Allah ne ya ba da lafiyar, to Elisha ɗan aike ne, ɗan aike kuwa tukwici ake ba shi, tunda yaba kyauta tukwici.

Malam, ka kusa kama ni da wannan. Gaskiya ne tukwici haƙƙin wanda ya kawo saƙon alheri ne, kuma hana shi rowa ce. Sai dai tukwici ɗan kaɗan ne, kuma bayan an ga kyautar ake laluba aljihu, ba a auna shi tun kafin ta iso. In an aiko wa mutum rago ya ba yaron da ya jawo shi kuɗin da ya ninka na ragon, kowa ya san ya sayi ragon ne, mai aikowa kuma zai ji zafi. Goron albishir ma haka yake, alamar farin ciki ce. Kilo 340 na azurfa ya wuce alama.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibi a Jos, wanda ya ce rubutu yake yi a kan wannan labari: shin karin maganar nan, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, tana nufin abin da ya sami Gehazi?

Gehazi baran Elisha ne. Da ya ga kaya sun juya, sai ya bi Na'aman a guje, ya shirya ƙarya cewa maigidansa ne ya aiko shi, wai samari biyu daga cikin almajiran annabawa sun iso daga tuddan Ifraimu, a taimaka da talanti ɗaya da sutura biyu. Na'aman ya matsa masa ya karɓi talanti biyu, aka ƙulla a jaka biyu, barori biyu suka ɗauko. Don ka san girman abin, talanti biyu na azurfa shi ne kuɗin da sarki Omri ya sayi tudun da ya gina birnin Samariya a kai. Gehazi ya ɓoye kayan a gida, ya shiga ya tsaya gaban maigidansa. Aka tambaye shi daga ina, ya ce bai je ko'ina ba. Elisha ya tambaye shi ko wannan lokacin karɓar kuɗi ne da tufafi da gonakin zaitun da na inabi da tumaki da shanu da bayi. Gehazi ya fita daga gabansa jikinsa fari fat da cutar Na'aman. Babban laifinsa, a wurina, sunan maigidansa da ya sa a cikin roƙon, domin ya nuna wa baƙon kamar rantsuwar da Elisha ya yi ta baka ce kawai.

Kalmomin sun yi kama da labarin, amma karin maganar daga zauren wanzami ta fito, kuma ba horo take nufi ba. Tana nufin wajibi: ka karɓi kuɗin aiki, dole ka yi shi ko da ranka ba ya so. Ana jefa ta ga ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗi ya ga aikin ya yi wuya, ko ga wanda ya ci abin ɗan siyasa ranar zaɓe ta zo. In Gehazi kake son kwatantawa, kwaɗayi mabuɗin wahala ta fi zama daidai.

Tunda ka ce rubutu kake yi a kan wannan, ka kula da kalmar kuturu. Kalmar Ibrananci da aka fassara da kuturta ta ƙunshi cututtukan fata iri-iri, ba lalle wadda likitoci suke kira kuturta a yau ba. Ita kuma ta yau ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tana warkewa, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take raba maganinta kyauta. Karin magana ka rubuta ta yadda aka gaje ta, amma in kana maganar mutumin da ke raye, ka ce mai fama da cutar kuturta, kuma kada labarin Gehazi ya sa mai karatunka ya ɗauka duk wanda ya kamu wani laifi ya yi.