Amsa: Babbar fitila cikin hazo

Yallaɓai, ka ce in ka kunna babbar fitilar mota cikin hazon hunturu sai gani ya ƙara dagulewa, to ba laifin idonka ba ne fa. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Sahara, haske in ya doki ƙwayoyinta sai ya watse ko'ina, wani kaso kuma ya juyo baya cikin idonka, shi ne kake ganin kamar farin bango a gabanka. Ni ma ya taɓa kama ni wajen Jaji da asuba, wallahi saura kaɗan na shige bayan tirela. Ka rage fitilar ta kalli kwalta kawai. Na'urar rada ta masu hasashen yanayi ma da irin wannan dawowar take gano ruwan sama.